Makon da Ruwan Kifin Baba Ya Ƙi Washewa

A duk faɗin Nima, unguwarmu a Ankara, ban san gidan da ake kiwon kifin da ba za a ci ba sai namu. Mutane na kiwon kaji, na ɗaure tumaki a ƙofar ɗaki, wasu har tantabaru a saman kwano, amma mahaifina kifin teku yake kiwo a cikin akwatin gilashi, guda uku, waɗanda ko miyar mutum ɗaya ba za su yi ba. Ya daɗe yana aikin kuku a gidan wani Bature. Da Baturen zai koma ƙasarsu bayan an samu 'yancin kai, sai ya ce Baba ya zaɓi abin da yake so a gidan. Akwai keken ɗinki, akwai rediyo, akwai gado mai rumfa. Baba ya zaɓi akwatin kifi. Kwana uku na yi ba abin da ke haɗa ni da shi sai gaisuwa.

Ciki da falo muke zaune a gidan haya, ni da shi, tun da mijina ya rasu na dawo gabansa. Ni ina dafa wake da shinkafa in kai bakin titi da safe, shi kuma yana hidimar kifaye kamar wanda aka ɗauka aiki. Kowace Asabar zai ɗaura manyan kwalabe biyu a bayan keke, ya gangara har bakin teku a Osu ya ɗebo ruwa. Ba mu da lantarki, saboda haka ya samo tiyub ɗin tayar mota yana hura shi da famfon keke safe da yamma, iskar ta bi ta wani siririn tiyo ta riƙa fita a cikin ruwan a hankali. Ruwan nan kuwa garau yake, sai kifi ya motsa kake tunawa akwai ruwa a ciki. Akwai ɗaya mai ratsin baƙi da rawaya da Baba ke kira Saje, sai wasu biyu masu launin ƙasa da ba su da aiki sai kwanciya a kan dutse. Bai taɓa barin kowa ya sa hannu a akwatin ba. Ni ma ban taɓa tambayarsa yadda ake yi ba, don a wurina aikin banza ne, kuma nakan faɗa a gabansa.

A farkon wata damina ya faɗi a tsakar gida yana alwala. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ɗauke. A asibiti aka ce mu kai shi gida mu tabbata yana cin abinci, in dai yana ci akwai sa rai. Muka kwantar da shi a falo, gadonsa na fuskantar akwatin. Sai ya ƙi ci ƙememe. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana ciyar da wasu bai iya a ba shi a baki ba. In na kawo cokali sai ya danne leɓe ya rufe ido, in yi lallashi, in yi faɗa, in yi kuka, duk a banza.

Rana ta uku na dangwarar da kwanon koko cikin fushi, na marmasa ƙosai na watsa wa kifayen, don na tuna su ma ba su ci ba. Ina juyowa na ga idon Baba na bin Saje, bakinsa a ɗan buɗe. Na sa masa cokali, ya haɗiye. Na sake, ya sake haɗiyewa. Daga ranar abin ya zama ƙa'ida: kifi su fara ci yana kallo, sannan shi ya ci. Sau uku a rana nake ba shi abinci, saboda haka sau uku nake watsa wa kifaye, wani lokaci ƙosai, wani lokaci shinkafa da ɗan mai a jikinta. Ina ba su da yawa don su daɗe suna ci, shi ma ya daɗe yana karɓa. Har alfahari nake yi a tsakar gida cewa na fi likita dabara.

Ana nan sai Gwaggo, ƙanwar Baba, ta zo daga Maamobi da niyyar yin kwanaki tana taya ni jinya. Mace ce mai tsoron Allah da tsoron mutane, kuma na biyun ya fi yawa. Tana share falo ta leƙa bayan duwatsun da ke cikin akwatin, sai ta tsaya cak.

"'Yar nan, zo ki gani. Mene ne wancan?"

Wani ƙulli ne kamar ƙaramar laya, an ɗinke shi da baƙin ƙyalle, an tura shi kusurwa daidai inda iska ke fitowa. Na ce ban sani ba, kuma gaskiya ban taɓa lura da shi ba.

"Ba ki sani ba. Mutum lafiyarsa ƙalau ya faɗi rana tsaka, ga ƙulli a cikin ruwa yana kallon gadonsa, ki ce ba ki sani ba. Ai aikin kukun nan da ya yi ba kowa ya so shi da shi ba."

Ta yi bisimilla ta tsoma hannu ta zaro shi. Baba ya yi wani gurnani da ban taɓa ji daga bakinsa ba, ya ɗaga hannunsa na hagu yana kaɗawa, hawaye na bin gefen fuskarsa. Gwaggo ta ce, "Kin gani ko? Abin ne ke sakinsa. Yi haƙuri, Yaya, an gama." Irin wannan abu ba a buɗe shi a gida, ruwa mai gudu ake ba wa. Ni da kaina na kai shi babbar kwata na jefa, na dawo ban waiwaya ba kamar yadda ta ce. Ba zan ɗora wa Gwaggo ita kaɗai ba, domin a ranar na yarda da ita ɗari bisa ɗari, har sauƙi na ji a raina.

Bayan kwana biyu ruwan ya fara yin rawaya, kamar shayin da bai ji ganye ba. Na ce ko hasken taga ne. Washegari ya ƙara duhu, gilashin ya yi yauƙi, wani ƙarni ya fara tashi. Kafin mako ya zagayo ya koma kalar ruwan karan dafin da nake jiƙawa don waken sayarwa, sai kifi ya zo dab da gilashi ake ganin inuwarsa. Na watsa ƙosai, ya nutse cikin duhu, ba a ga wanda ya ci ba. Baba ya daɗe yana kallo, sannan ya juya fuskarsa bango. Na kawo cokali, ya danne leɓe.

Na san inda aka dosa. Na bar tukunyar sayarwa, na ɗauki garwa na hau tirotiro, motar haya, zuwa bakin teku. An kwana biyu ana ruwan sama, duk kwatocin Ankara sun juye a teku, ruwan gaɓa ya yi jaja-jaja da ƙasa da tarkace. Shi na ɗebo, don ban san akwai wani ba. A hanyar dawowa ya riƙa fantsama a ƙafafun fasinja, direba na zagina da yarensu, ni ina ramawa da Hausa. Na kwashe rabin tsohon ruwa na zuba sabo, sai abin ya ƙara lalacewa, ga jan ƙasa ga tsatsar garwa. Baba na nuna min kurfoti da hannun hagu yana gurnani. Na ɗauka sanyi yake ji, na hura wuta na matso da ita kusa da gado. Ya rufe ido.

Kwana uku ke nan ba abin da ya shiga cikinsa sai ruwan da nake matsa masa da tsumma. Ina zaune a ƙofar ɗaki na rasa inda zan sa kaina, sai maƙwabciyarmu, wata Badagomba mai wanki, ta leƙa ta ga akwatin.

"Kai 'yar'uwa, don wannan ne ka ke kuka? Sa alif mana. Ruwan rijiya namu ya fi wannan datti, alif kaɗan, shi ke nan ya kwanta."

Gaskiyarta. Kowace mace a zango ta san in famfo ya ɗauke aka koma rijiya, alif ake kaɗawa a duro, laka ta kwanta a sha. Na ji haushin kaina da ban tuna ba. Na karɓi ɗan dunƙule a wurinta, na daka, na zuba, na ƙara don ya yi sauri.

Ya yi aiki kuwa. Kafin azahar wani farin abu kamar auduga ya taru ya sauka ƙasa, saman ruwan ya fara haske, na hango ratsin Saje karo na farko cikin kwanaki. Baba na barci, fuskarsa a bango. Na tsaya ina jira ya farka in nuna masa. Sai na ga kifayen sun hauro sama suna buɗe baki, har biyun nan da ba sa barin dutse. Na ɗauki famfon keke na hura tiyub har hannuna ya sage. Na ɗebi ruwan randa zan zuba, na tuna ba na teku ba ne, na ajiye, na sake ɗauka, na sake ajiyewa. Ina tsaye ina kallo masu launin ƙasan suka kife. Saje ya fi su daɗewa, ya yi ta zagaye a karkace, kafin la'asar shi ma ya tsaya.

Abin da na yi bayan nan ban taɓa faɗa wa kowa ba sai Gwaggo, ita ma don tana wurin. Na tsame su na naɗe a ganye na tura ƙarƙashin tukunya. Sannan na tsoma hannu har gwiwa na dama ruwan, na tayar da duk dattin da ya kwanta, har ya koma duhu fiye da da. Ruwan da na yi kwanaki ina roƙon Allah ya washe, ni ce na koma ina tsoron kada ya washe. Da Baba ya farka na marmasa ƙosai na watsa a akwatin da ba kowa a ciki, na ce, "Baba, ga su can suna ci, duhu ne ya hana ka gani." Ya kalli ruwan, ya kalle ni, ya mayar da kai bango. Gwaggo ta fita tsakar gida ta zauna a kan turmi.

Rana ta biyar leɓensa ya tsage, idonsa ya faɗa, fatar hannunsa in ka ja sai ta tsaya. Gwaggo ta fara maganar a aika wa dangi. Na ce ba wanda za a aika wa, na yi mata tsawar da har yau nake jin kunyarta. Na ɗaura kwalaben Baba a cikin daro, na ɗora a kai na koma Osu. Ban san wanda nake nema ba. Na dai san Baba ba ya iyo, ba shi da taru, dole akwai wanda ke kama masa kifi. Na bi masunta ɗaya bayan ɗaya ina tambayar wa ya san Bahaushe mai keke da kwalabe, suna ta yi min dariya, har aka nuna min wani tsoho yana ɗinkin taru a inuwar kwalekwale.

Na gaishe shi, na ce masa Ataa, yadda Ankarawa ke kiran dattijo. Ya kalli kwalaben kafin ya kalle ni.

"Kai 'yar kuku ne? Baba naka ina? Asabar da yawa ni ba gani shi ba."

Na durƙusa a yashi na faɗa masa komai, ban rage ba, har da ƙosai, har da garwa, har da alif. Yana ji yana girgiza kai. Da na zo kan ƙullin da muka jefa a kwata sai ya ajiye allura.

"Wannan ba magani ba ne. Gawayi ne. Gawayi na ɓawon kwakwa, mata nawa ne ke ƙona ma shi. Shi ke sha datti na ruwa. Wata ɗaya, Baba naka ya canza sabo."

Gawayi. Abin da nake hura wuta da shi kullum, abin da ke cike da buhu a bayan ƙofarmu. Sai a lokacin na gane abin da Baba ke nunawa a kurfoti, ni kuma na matso masa da wuta. Na kifa kai a gwiwa na yi kuka a gaban masunta, ban damu da wanda ke kallo ba.

Tsohon bai ba ni haƙuri ba, ya bar ni na gama, sannan ya ci gaba kamar mai koya wa yarinya girki. Ya ce ba a ba kifin teku mai, ba a ba shi ƙosai, ɗan naman jatanlande ne kamar ƙwayar gero, sau ɗaya a rana, abin da ya rage a tsame. Ya ce ba a ɗiban ruwan gaɓa da damina, sai na can ciki bayan inda igiyar ruwa ke karyewa, kuma ba a zuba shi a ƙarfe. Ya ce in wanke akwatin da duwatsun da ruwan teku kaɗai, kada sabulu ya kusance su. Na ce duk na ji, amma kifi fa?

"Sai ruwa ya janye. Zauna."

Na zauna a rana har wajen azahar, raina na gida, ina ta lissafin ko zan tarar da Baba da rai. Wani kwalekwale da zai fita ya tafi da kwalaben, ya dawo da su cike da ruwa garau. Da teku ya janye, tsohon ya ɗauki ƙaramar koma ya bi ramukan duwatsu, ya dawo da kifaye uku a ƙwarya: biyu masu launin ƙasa, ɗaya mai ratsin baƙi da rawaya. Na leƙa. Wannan ya fi Saje ƙanƙanta, kuma wutsiyarsa lafiya lau, alhali ta Saje akwai tsaga a gefe tun zuwansa gidanmu. Na ce ko za a samu babba. Ya ce abin da teku ya bayar ke nan yau, kuma ko ya kamo ɗari, mai kifi ya san kifinsa. Ya haɗa min da ɗan gawayi da jatanlande.

Da na iso gida Baba na numfashi. Na ɗaura igiya na rataya zane tsakanin gadonsa da akwatin, na ce masa don kada ruwa ya fantsamo masa ne. Na faɗa wa Gwaggo abin da ke cikin ƙullin a tsakar gida, da ƙaramar murya. Ta shiga ta buɗe akwatinta, ta yago gefen wani sabon ɗankwali, ta wanke gawayin da tsohon ya ba ni har ruwan ya daina baƙi, ta zauna ta ɗinke shi da hannunta, ɗinki ƙanana a jere kamar za a kai kasuwa. Muka kwashe ruwan nan mai wari, muka goge gilashi, muka wanke duwatsu, muka zuba sabon ruwa. Bai cika ba, rabi kawai ya kai. Na tura ƙullin kusurwar da iska ke fitowa, na saki kifayen. Ruwan ya ɗan yi hazo saboda yashin da ya tashi, dole a jira ya kwanta.

Da gari ya waye, rana ta shida, ya washe. Ba kamar na Baba ba, amma ana ganin kowane dutse. Na dama koko mai ruwa-ruwa, na yanka ɗan jatanlande, na tsaya riƙe da bakin zanen na kasa ja. In na bar shi a rufe Baba ba zai ci ba. In na buɗe zai ga abin da na yi. Gwaggo ta ɗaga shi ta jingina da matashi, ta ce, "Ja mana, 'yar nan."

Na ja. Na saka ɗan naman a ruwa, ƙaramin mai ratsin ya fito daga bayan dutse ya cafke.

Baba ya kalle shi. Idonsa ya bi shi zuwa wannan kusurwa, ya bi shi zuwa waccan, ya sauka kan biyun da ke kwance, ya koma kan mai ratsin ya tsaya a wutsiyarsa. Ya daɗe a nan. Sannan ya juyo da idon kaina, kuma ba sai an faɗa min ba, ya sani. Na shirya ƙarya tun a hanya, cewa rashin abinci ne ya ramar da Saje, amma na watsar da ita. Na durƙusa a gaban gadon da kwano da cokali a hannu.

"Baba, ni ce. Ni na kashe su. Ka yafe min, ka ci."

Bai sake kallon akwatin ba. Ni yake kallo, fuskata da ta kumbura, da ƙafafuna da yashin Osu bai gama fita ba. Ya ɗago hannun nan na hagu da ƙyar ya ɗora a kan nawa, wanda ke riƙe da cokalin. Sannan ya ja hannuna zuwa bakinsa, ya buɗe.

Cokali huɗu ya sha a safiyar, yana kallona har ya gama.